Yadda za ka auna labarin jarumin da ya yi dogon barci a wasan bidiyo

Idan wasa ya ce an rufe jarumi cikin akwatin sanyi ya farka bayan shekaru, fara tambaya: daskarar da shi aka yi ko sanyaya shi? A nan gizo ke saƙa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin mutum ruwa ne, in ya daskare kuma tsinin ƙanƙara ke huda ƙwayoyin jiki. Ɗauko tumatirin da ya daskare a firigo ka bar shi ya narke: fatar ta yamutse, cikin ya koma ruwa. Tun 1967 ake daskarar da gawawwaki a Amurka, ba a tada ko ɗaya ba.

Sanyayawa tana da ɗan tushe. A 1999 wata likita, Anna Bågenholm, ta yi minti 80 ƙarƙashin ƙanƙara a Norwe, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7 a ma'aunin Celsius, kuma ta rayu. Amma mintoci ne fa. Masu yin watanni sai irin su gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙi har damina. Jikin ɗan Adam bai iya wannan ba.

Daga nan ƙirga shekarun, ka nemi mai kula da injin. Master Chief, jarumin wasan Halo 4, shekara huɗu da watanni ya yi, wannan ina iya haɗiye shi. Wasan Fallout 4 ya ce barcin ya kai daga 2077 zuwa 2287, shekara 210. Mu da ke Tawa, da muka san yadda zafin Afrilu ke gajiyar da inji, wa zai ce mana na'ura za ta kai haka ba mai gyara?

Abin da na fi matsa wa yaran da ke wasa a shagona su duba shi ne tashin. Ƴan sama jannati suna motsa jiki kamar awa biyu kullum, duk da haka in sun sauko bayan wata shida sai an tallabe su. Jarumin da ya buɗe ido ya zabura da bindiga, wasan ya zarme. Shi ya sa na fi yarda da Link na Breath of the Wild: bayan shekara 100 ya fito ba ƙarfi, ba makami, bai ma tuna ko shi wane ne ba.