Yadda Ake Bin Sawun Matar Manomi ta Ƙarni na 19 a Takardun Amurka

Mai neman tarihin macen da ta rayu a gona a Amurka tsakanin 1800 da 1900 yana fara cin karo da matsala ɗaya: sunanta yana ɓacewa ranar da aka ɗaura mata aure. A ƙasar Hausa mace kan riƙe sunan mahaifinta har ta koma ga Allah. A can kuwa sunan gidan miji take ɗauka, jarida ma takan rubuta ta da cikakken sunan mijin, a liƙa "Mrs." a gaba. Ga kuma doka. A farkon ƙarnin, a yawancin jihohi, matar aure ba ta ƙulla ciniki ko shigar da ƙara ita kaɗai, dukiya tana hannun miji. Mississippi ta fara sassauta wannan a 1839, New York a 1848, sauran suka biyo baya a hankali. Don haka magatakarda ba ya rubuta sunanta sai in ya zama dole, wato ranar aure, ranar sayar da fili, ranar rabon gado da ranar biyan fansho. Duk inda ƙasa ko kuɗi suka sauya hannu, a nan za ka tare ta.

Fara daga ƙarshen rayuwarta

Kada ka fara da neman haihuwarta. In ka cire Massachusetts da ta soma rajistar jiha a 1841, da garuruwan arewa maso gabas masu tsofaffin littattafai, jihohi da yawa ba su tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ba sai farkon ƙarni na 20. Ka fara da mutuwarta, ka riƙa komawa baya.

Dutsen kabari yakan ba da shekaru, watanni da kwanakin da ta yi a duniya, daga nan ake lissafo ranar haihuwa. In rubutun ya lafe, kada ka goge shi da burushin waya ko bilic, lalata dutsen za ka yi. Ka haska shi da tocila ko madubi daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan. Kalmomi biyu na kan duwatsun suna da amfani: "consort" na nufin ta riga mijin rasuwa, "relict" na nufin shi ya riga ta. Ka ɗauki hoton kaburburan da ke kewaye da nata, domin ƙananan duwatsun nan sau da yawa na 'ya'yanta ne da suka rasu suna jarirai, waɗanda ba su taɓa shiga ƙidaya ba.

Daga nan ka nemi takardar shaidar mutuwar kowane ɗa nata, ba na wanda ka fito ta tsatsonsa kaɗai ba. Akwai gurbin sunan uwa kafin aure. Jika ko suruka da ta ba da bayani takan ce ba ta sani ba, amma cikin 'ya'ya takwas da wuya a rasa biyu ko uku da aka cike musu daidai.

Ƙidaya: shekara goma-goma

Ana samun hotunan takardun ƙidaya kyauta a shafin intanet na FamilySearch, ko da kuɗi a na Ancestry. Kowace shekara da abin da ta tambaya, in ba ka san bambancin ba za ka nemi abu inda babu shi.

Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai aka rubuta, sauran mutanen gida adadi ne a rukunin shekaru. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci da shekarunsa da jihar da aka haife shi, sai dai ba a faɗi dangantakarsa da maigida ba har sai 1880. Macen da ke ƙasan sunan maigida a 1860 tana iya zama matarsa, tana iya zama ƙanwarsa. A 1880 ne kuma aka ƙara inda aka haifi uba da uwar kowa. Ta 1890 gobara ta ci a Washington a watan Janairun 1921, kusan duka ta salwanta. Ana cike wannan giɓi da ƙidayar jihohi, kamar ta New York ta 1892, ko ta Iowa da Kansas ta 1885 da 1895.

In Allah ya ja kwananta har 1900, ka yi sa'a. Wannan ƙidaya ta tambayi wata da shekarar haihuwa, shekarun da aka yi da aure, 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. In ta ce tara, shida na raye, kai kuma bakwai ka sani, to akwai biyu da za ka nemo. Ta 1910 ta maimaita tambayar shekarun aure da ta 'ya'ya, ta kuma nuna ko auren fari ne ko na biyu.

Ka zana jadawali: kowace ƙidaya layi ɗaya, da sunan da aka rubuta, shekaru, wurin haihuwa da jerin yara. Abubuwa uku za su fito fili. Na ɗaya, shekarunta ba za su daidaita ba, bambancin biyu ko uku ba komai ba ne, domin wani lokaci yaro ko maƙwabci ne ya amsa wa malamin ƙidaya. Na biyu, wuraren haihuwar yaran suna nuna hanyar ƙaura: in ɗan fari a Ohio aka haife shi, na uku a Illinois, ka san tsakanin waɗanne shekaru suka tashi. Na uku shi ne tarkon da ya fi kama mutane. A gidajen gona haihuwa takan zo duk bayan shekara biyu ko kusa da haka. In ka ga tazarar shekara shida ko bakwai, sannan matar gidan ta ragu da shekara goma amma sunanta bai sauya ba, to da alama mata biyu ne masu suna ɗaya, ta farko ta rasu, ya auri wata. Yaro mai sunan gida daban a tsakiyar jeri kuwa sau da yawa agola ne, shaidar cewa ta taɓa aure.

Sunayen lakabi ma suna ɓatar da sawu. Polly ita ce Mary, Sally ita ce Sarah, Peggy ita ce Margaret, Patsy kuma Martha. In injin bincike bai fito da ita ba, ka buɗe hotunan shafukan yankin ka bi su gida-gida, don masu kwafe tsohon rubutun hannu sukan rikita babban L da S. Ka kuma rubuta sunayen gidaje goma na gaba da goma na baya. Manomi yakan yi aure a inda doki zai kai shi ya dawo a wuni, iyayenta ba su cika yin nisa ba.

Inda aikinta yake ɓoye

A gurbin sana'a, ƙidayar 1850 maza kaɗai ta tambaya. A 1870 da 1880 abin da za ka gani gaban sunanta shi ne "Keeping house", wato kula da gida, ko da ita ce ke tatsar shanu goma kullum. Ainihin aikin yana cikin wata takarda dabam da mutane da yawa ba su buɗewa: jadawalin noma na 1850, 1860, 1870 da 1880. Da sunan mijin aka rubuta shi, ko nata in ya rasu.

Jadawalin ya lissafa eka nawa aka nome, darajar gona da kayan aiki, dawaki, shanun tatsa, tumaki, aladu, alkama, masara da dankali. Ka wuce waɗannan ka je gurbin man shanu da cuku, ana auna su da laba. A yawancin gonakin wancan zamani tatsa, kaɗa madara da kai man shanu kanti aikin mata ne. Akwai gurbin ulu, da na darajar kayan da aka yi a gida, kamar kaɗi da saƙa, a 1850 zuwa 1870. Na 1880 ya ƙara kaji da dozin ɗin ƙwai da aka samu a 1879, ya kuma nuna ko gonar tasu ce, ko haya suke da kuɗi, ko rabon amfani suke da mai ƙasa. Lamba ita kaɗai ba ta cewa komai. Ka gwada ta da ta sauran gonakin shafin: gidan da man shanunsa ya ninka na maƙwabta sau uku ba don ci yake yi ba, sana'a ce.

In ba ka ga gonarsu ba, mai yiwuwa ƙarama ce. A 1850 ba a lissafa wadda amfaninta bai kai dala 100 a shekara ba, a 1870 kuma an bar wadda ba ta kai eka uku ba sai in ta sayar da na dala 500. Akwai kuma jadawalin mamata na shekarun nan huɗu, mai ɗauke da waɗanda suka rasu cikin watanni goma sha biyu kafin 1 ga Yuni na shekarar ƙidaya, da watan rasuwa da ciwon ajali.

Kotun gunduma

A yawancin jihohi, aure, fili da gado a hedikwatar gunduma ake rubuta su, ba a babban birnin jiha ba. Ka fara tabbatar da wace gunduma ce ke da yankin a wancan lokaci, domin an yi ta tsaga gundumomi, takardu kuwa suna zama a tsohuwar. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar sauye-sauyen iyakokin a intanet.

Aure a gundumar amarya aka fi ɗaurawa. A jihohin kudu irin su Virginia, Kentucky da North Carolina, ango yakan sa hannu a takardar lamuni tare da wani mai tsaya masa, wanda sau da yawa uban amarya ne ko wanta. In yarinyar ba ta kai shekarun doka ba, akwai takardar amincewar uba ko waliyyi a liƙe.

Takardun fili su ne suka fi biyan wahala. Doka ta ba matar mamaci damar cin amfanin sulusin ƙasar mijinta muddin ranta. Ba mallaka ba ce kamar tumunin takaba, in ta rasu ƙasar tana komawa ga magada. Saboda wannan hakki, mai saye ba ya yarda sai matar ta sa hannu ta yafe, a wurare da yawa har alƙali yakan keɓe ta ya tambaye ta ko ba tilasta mata aka yi ba. Ma'ana, sunanta ba ya fitowa ranar da mijin ya sayi fili, ranar da ya sayar yake fitowa. Ka duba fihirisar masu sayarwa, inda ka ga "et ux" bayan sunansa, to da matarsa a ciki. Ka jera takardun bisa shekara: in a 1852 wata ce ta sa hannu, a 1855 babu mace, a 1858 wata dabam, ka samu lokacin rasuwa da na sabon aure. Louisiana, Texas da California tsarinsu dabam ne, dukiyar aure ta haɗin gwiwa ce.

Ka sa ido sosai kan takardar da ita da mijin suke sayar da kaso ɗaya cikin bakwai na filin da ba a raba ba. Wannan gado ne. Magada bakwai ne, kuma mamacin da aka ambata a ciki galibi mahaifinta ne.

A fayil ɗin gado, wanda ya rasu bai bar wasiyya ba ya fi amfani ga mai bincike, domin kotu sai ta lissafa dukan magada, 'ya'ya mata da sunayen mazajensu. Kada ka tsaya a littafin kotu, ka nemi ƙunshin takardun asali. A ciki akwai ƙidayar kayan gida ɗaya bayan ɗaya, tukwane, injin kaɗi, masaƙa, gadaje, da jerin waɗanda suka saya ranar gwanjo, inda za ka iya ganin matar tana sayen saniyar da ita ce ke tatsarta. Maraya a bakin kotu shi ne wanda uba ya rasu, don haka naɗa wa yara waliyyi ba ya nufin uwar ta mutu.

Fansho da filin gwamnati

In mijinta ko ɗanta ya yi wa ɓangaren Arewa yaƙi a basasar 1861 zuwa 1865, ka nemi fayil ɗin fansho a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Washington. Dokar 1862 ta ba matar ƙaramin soja dala 8 a wata, a 1866 aka ƙara dala 2 kan kowane yaro da bai kai 16 ba, a 1886 aka mai da shi dala 12. Kafin a biya ta sai ta kawo hujjar aure da ta haihuwar yara, shi ya sa ake samun rantsuwar ungozoma da maƙwabta, har da shafin da aka yago daga Baibul ɗin gida. Ka nemi cikakken fayil, ba taƙaitacce ba. Tsayawar biya tana nuna rasuwa ko sabon aure. Fanshon sojojin Kudu jihohinsu ne suka biya, can za ka nema.

Dokar rabon fili ta 1862 ta ba da eka 160, kusan hekta 65, ga wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da gida, in ya zauna shekara biyar ya nome. Mace marar aure da wadda miji ya rasu sun cancanta. Ka nemi sunan a shafin Ofishin Filaye na tarayya, ka ɗauki lambar takardar mallaka da sunan ofishin, ka yi odar fayil. Shaidu biyu ne ke bayyana girman ɗakin, rijiya da eka nawa aka huɗa.

In baiwa ce kafin 1865

Jadawalin bayi na 1850 da 1860 bai ba da suna ba, shekaru da jinsi da launi kawai, ƙarƙashin sunan ubangida. Ka fara daga 1870, ƙidayar farko da ta rubuta sunanta, ka lura da fararen fata masu ƙasa da ke kusa, mai yiwuwa cikinsu akwai gidan tsohon ubangidanta. Daga nan ka shiga takardun gadon wancan gida, domin a nan ake lissafa bayi da suna da farashi, wani lokaci uwa tare da 'ya'yanta. Rajistar Bankin 'Yantattu na 1865 zuwa 1874 takan kawo sunayen iyaye da 'yan uwa. Hukumar 'Yantattu ta bar yarjejeniyoyin ƙodago, Virginia da North Carolina kuma sun yi rajistar ma'aurata a 1866, North Carolina har da lokacin da suka fara zama tare.

Takardu za su saɓa wa juna. A kowace ka tambayi wanda ya ba da bayanin, ganau ne ko jiyau, kuma shekara nawa bayan faruwar abin. Takardar mutuwa hujja ce mai ƙarfi kan ranar rasuwa, mai rauni kan sunan iyaye. Bishiyar dangi da wani ya ɗora a intanet ba tare da hoton takarda ba, ka ɗauke ta a matsayin jita-jitar da za a bincika. In kotun gundumar ta taɓa ƙonewa, ka koma ga littattafan coci, jerin masu biyan haraji da ke hannun jiha, da tsofaffin jaridu da ke shafin intanet na Chronicling America, sannan ka duba littattafan filin da aka buɗe bayan gobarar, domin masu ƙasa da yawa sun dawo da takardunsu na gida an sake yi musu rajista.