Jaridun magoya bayan Sarkin Ingila a yaƙin 'yancin Amurka: inda ake yawan tuntuɓe

Da yawa in suka sami irin wannan tsohuwar jarida suka ga takardarta ta yi fari tas sai su ce jabu ce. Sun saba da jaridar yau da ke komawa ruwan ƙasa cikin wata biyu, sai su ɗauka ta 1778 dole ta zama kamar busasshen ganye. Alhali a wancan zamani da tsummokara ake yin takarda, shi ya sa take jure shekaru. Wadda ta yi ja tana kakkaryewa a hannu ita ce abin tuhuma, don takardar itace sai a ƙarni na 19 ta shigo, kuma da ita aka yi ta sake buga tsofaffin jaridu. Ɗaga ta ka duba a hasken taga. Ta asali za ka ga siraran layuka a jikinta, sawun rariyar da aka tace ta, in ka shafa a hankali kuma za ka ji haruffan sun ɗan nutse.

Sai kuskuren dogaro da sunan jarida kawai. A ƙarshen 1776 an yi makonni ana fitar da jaridu biyu masu suna ɗaya, New-York Gazette and Weekly Mercury. Ɗaya mai jaridar, Hugh Gaine, ke bugawa a garin Newark na New Jersey yana bayan masu neman 'yanci, ɗayar kuma tana fita a New York ƙarƙashin sojojin Ingila. Bai daɗe ba ya koma birnin ya bi Sarki, abinka da mai neman abinci. Saboda haka kafin ka ce wannan ta wane ɓangare ce, karanta kwanan wata da garin da aka buga ta. Haka jaridar James Rivington, wani mai goyon bayan Sarki a New York: ta fara a 1773, Isaac Sears, ɗaya daga masu neman 'yanci, da mutanensa suka far wa ɗakin bugun a Nuwamba 1775 suka kwashe haruffan ƙarfe, ta dawo a 1777 ta zama Royal Gazette. Da sojojin Ingila suka bar New York a Nuwamba 1783 ya cire tambarin Sarki, amma jaridar ba ta wuce ƙarshen shekarar ba.

Wasu kuma suna haɗiye labarin yaƙin yadda ya zo, wasu su watsar da jaridar gaba ɗaya don abokan gaba sun kira ta maƙaryaciya. Duka kuskure ne. Labarin fagen daga a gwada shi da na ɗaya ɓangaren. Ni tallace-tallacen sun fi ja na: farashin kaya, cigiyar bayin da suka gudu, sanarwar jiragen ruwa masu kwashe magoya bayan Sarki zuwa Nova Scotia, a Kanada ta yau.

Ajiya kuwa, kada ka manna mata salatif ko ka kai a liƙe ta cikin leda kamar katin shaida, wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Kada a rataye ta a bango rana na dukanta. A shimfiɗe ta ba ninki cikin jakar takarda marar asid, a wuri mai sanyi da babu danshi.