Yadda ake haɗa danjar ƙaramar mota da motar gida take ja

A Amurka, masu yawo da motar gida, wato doguwar motar nan mai gado da kicin a ciki, sukan ɗaura ƙaramar mota a baya, tayoyinta huɗu a ƙasa, domin in sun yada zango su shiga gari da ita. Jeep Wrangler aka fi gani. Doka ta ce dole danja da sigina da fitilar birkin ƙaramar su bi umarnin babbar, tunda ƙaramar ce mai binka a baya yake gani.

Kafin ka taɓa waya, sa wani ya shiga ƙaramar motar ya taka birki ya kunna sigina, kai kuma ka tsaya a baya. In jan ƙwai ɗaya ne yake yin birki da sigina, aikinka ya yi sauƙi. In siginar ruwan ɗorawa ce daban, kamar yawancin motocin Japan da Turai, to tsarin motocin biyu zai iya saɓawa, sai ka duba ko kana buƙatar ɗan akwatin da ke daidaita su.

Wayoyi huɗu ne, kuma launinsu ba ya canzawa. Mai ruwan ƙasa ta danja ce, rawaya ta sigina da birkin hagu, koriya ta dama, fara kuma ta komawar wuta, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe. Ka kafa soket a gaban ƙaramar motar, kusa da inda ƙarfen ja yake, ka bi da wayar ta ƙarƙashi har baya. Nesa da salansa. Kowane taku biyu ka ɗaure ta.

Sai diyod. Aikinsa barin wuta ta wuce gefe ɗaya kawai, don kada wutar babbar mota ta kwararo cikin kwamfutar ƙaramar. Yana da baki biyu na shiga, ɗaya na fita. Ka nemo wayar danja da tasta, wato abin gwada wuta, kada ka yarda da launin wayar kamfani, ka yanke ta. Ɓarin da ya fito daga cikin mota ya shiga baki ɗaya, wayarka sabuwa ta shiga ɗayan, bakin fita ya tafi ƙwai. Huɗu ake sa wa motar da birki da sigina suke ƙwai ɗaya, biyu kowane gefe, ɗaya a wayar danja, ɗaya a ta birki da sigina. Roadmaster da Blue Ox suna sayar da su a haɗe. Akwai fitilun maganaɗisu masu araha da ake liƙawa a rufi, amma ni ba na so, suna karce fenti, iska kuma tana wasa da wayarsu.

Farar wayar nan ita ce take kunyata sababbin hannu. Na sha ganin yaro ya gama aiki tsaf, ya ce ai ƙarfen ja ya haɗa motocin biyu, wuta za ta koma ta nan. Ranar farko ta yi. Bayan mako guda tsatsa da giris sun shiga mahaɗar, sai ka ba da sigina hagu, danjar dama ta riƙa lumshewa tana buɗewa, ko ka taka birki duk fitilu su dushe. Daga nan ya hau canza ƙwai da fis, har ya zargi diyod, alhali lafiyarsu ƙalau. Ni ma wuni guda na taɓa ɓatawa a kan haka. Farar waya dole ta taso daga soket ɗin babbar mota, ta biyo kebul, ta sauka a shasin ƙaramar. Ka kankare fentin wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure da noti mai washa, sannan ka shafa giris a kai. Kada ka ɗaura a ƙofar but ko kusa da bamba, wurin ko roba ne ko ƙarfen da bai haɗu da shasi sosai ba.

Mahaɗar waya kuwa dalma nake yi, in rufe da robar nan mai tsukewa da zafi. Salatif kaɗai ba ya kai damina.

In ka sa na'urar da ke taka birkin ƙaramar, fitilar birkinta za ta iya danne sigina, sai ka ƙara rile, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi. Ka bar wa kebul ɗin tsakani sassauci don kwana, amma kada ya ja ƙasa. Gwada danja, hagu, dama, birki, sannan birki da sigina tare, ka kuma cire kebul ka tabbatar fitilun ƙaramar suna aiki da kansu.