Darasi na 6: Idan An Kama Ɗan Gidanku

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 shi ne uwar dokokin ƙasa. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ba ta aiki. Ke nan gwamna da alƙali da ɗan sanda duk a ƙarƙashinsa suke. Haƙƙoƙin ɗan ƙasa suna Babi na 4, amma yau sashe na 35 za mu duba, don shi ya fi shafar gidajenmu.

A ce wani matashi mai gyaran waya a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, an zarge shi da sayen wayar sata, an wuce da shi caji ofis. Mahaifiyarsa ta biyo baya da kwanon tuwo, ta tsaya a bakin kantar 'yan sanda, ba ta san abin da za ta tambaya ba.

Ga abin da ya kamata ta sani. Cikin awa 24 dole a sanar da ɗanta dalilin kama shi, a rubuce, cikin harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wannan gargaɗi ya fi kama mu da muke koyon karatu yanzu, domin takarda ɗaya kan jefa mutum gidan yari.

Idan akwai kotun da ke da hurumi cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tsari daban.

Duka don a sa shi ya amsa laifi haramun ne. Sashe na 34 ya hana azabtarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana a tsare mutum saboda bashi kawai. Beli a caji ofis kyauta ne.

Mutanenmu kan ce, "An bar wa Allah." Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Babbar Kotun Jiha ake kai wannan ƙara. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko hukumar gwamnati da ke ba talaka lauya kyauta.

Aikin gida: Rubuta tambayoyi biyu da mahaifiyar nan za ta yi wa jami'in da ke bakin kantar, cikin ladabi. Gobe kowa zai karanta nasa a aji.