Ɗan jarida mai son shiga adawa, ga inda za ka fara

Ɗana, in ka ƙudurta barin jarida ka shiga siyasar adawa, to ka bar ta da gaske. Idan a gidan rediyon gwamnati kake, tsarin mulki ya ce ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ni dai ban ga dalilin jiran wa'adin ba. Ranar da ka yanki katin jam'iyya, ka daina karanta labarai, don manomin da ya rataya rediyo a reshen ɗorawa ba zai ƙara gaskata ka ba.

A mazaɓarku za ka yanki katin, domin sai jam'iyya ta tsayar da mutum yake takara. Tun gyaran 2018, ɗan shekara 25 ya isa neman majalisar jiha, kuma Jigawa na da kujeru 30. Fara da wannan. Lateef Jakande ɗan jarida ne da ya zama gwamnan Legas a 1979, amma sai da ya daɗe yana bin Awolowo, har gidan yari.

Muryarka an sani, fuskarka ce baƙuwa. Ka riƙa zuwa gaisuwar mutuwa da suna. Ka cire takalmi ka zauna a tabarmar dagaci, ko da ba zai nuna yana tare da kai ba. Ka ci kasuwar Gujungu ran Lahadi, ta Maigatari ran Alhamis, a ƙafa, cikin 'yan awo da dillalan dabbobi. Mata kuwa ta hannun shugabarsu ake kaiwa gare su, kuma su ne ke haƙurin layi ranar zaɓe.

Jarinka shi ne littafin da ka cika da koke-koken jama'a: kachalar da ta toshe kogin Haɗeja, takin da ya iso bayan shuka ta wuce, famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu. Nemo takardar kasafin kuɗi, ka karanta wa mutane abin da aka ware wa garinsu da Hausa. Zagi ka bar wa sojojin baka, yana zubar da mutunci.

Kuɗin da kake da su, kada fosta ta cinye. Tanade su don ejan-ejan, wato wakilanka a rumfunan zaɓe. Kowace rumfa ka sa ɗan garin da ya iya karatu, ka biya shi, ka kai masa abinci. Kada ya gusa sai an ƙirga ƙuri'u a gabansa, ya sa hannu a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfar, ya karɓi kwafi, ya ɗau hotonsa da waya ya turo maka.