Yadda ɗan fansho zai yi aikin sa-kai ba tare da ya rasa haƙƙin rubutunsa ba

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya sa shekara 60 a matsayin lokacin ajiye aikin gwamnati, amma dattawanmu da yawa a unguwannin Akra irin su Nima, Mamobi, Fadama da Sabon Zango suna barin ofis ne da sauran ƙarfinsu. Kafin a jima sai kwamitin masallaci ya nemi tsohon akanta ya riƙe masa littafin kuɗi, makaranta ta roƙi tsohuwar malama ta tsara wa yara darussan lissafi, ko kuma ƙungiyar matan unguwa ta nemi tsohuwar ungozoma ta rubuta ɗan littafi kan kula da mai ciki. Aikin lada ne, kuma unguwanninmu na zango suna matuƙar buƙatarsa. Abin da yake damuna shi ne ana shiga shi da yarda ta baki kawai, har sai ranar da marubucin ya ga littafinsa ana sayarwa da sunan wani.

Ka fara da akwatin takardun da ka dawo da shi daga ofis. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wato doka mai lamba 690, ta ce abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa, haƙƙin cin moriyarsa yana hannun wanda ya ɗauke shi aiki, sai in akwai yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Saboda haka littafin horarwa da ka tsara wa ma'aikatarku ba naka ba ne da za ka kyautar, ko da kai ka kwana kana rubuta shi. Ilimin da yake kanka kuwa naka ne, domin doka tana kare yadda aka zuba tunani a rubuce ne, ba tunanin kansa ba. Ka rufe tsohon littafin, ka rubuta sabo da kalmominka da misalanka. Rantsuwar riƙe sirri, ga wanda ya yi ta, tana nan a kansa bayan ritaya, haka ma sunayen ɗalibai da marasa lafiya da ke cikin tsoffin fayil-fayil ba na bazawa ba ne.

Daga nan sai batun yarjejeniya, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mutane suna ɗauka cewa tun da ba albashi ake ba su ba, duk abin da suka rubuta nasu ne kai tsaye. Amma sashe na 7 na dokar bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba, ya haɗa har da wanda aka ba shi aikin ya yi. Idan shugaban ƙungiya ya ce, “Hajiya, don Allah ki rubuta mana jagoran nan,” kuma aka riƙa miƙa mata ɗan kuɗin mota, gobe ƙungiyar tana iya tashi ta ce ita ta ba da aikin, don haka nata ne. Maganin wannan takarda ce guda, wadda za a rubuta kafin a fara: me za a rubuta, wa ya mallake shi, kwafi nawa ƙungiya za ta buga, kyauta za a raba ko sayarwa za a yi, kuma an yarda a fassara shi ko a sa shi a intanet ko ba a yarda ba. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Kada kunya ta hana ka, domin Alƙur'ani ma ya umarci a rubuta bashi tsakanin ’yan’uwa.

Shawarata ita ce ka ba da izinin amfani na wani lokaci, kada ka sallama mallakar gaba ɗaya. Sallamawa dai sai a rubuce da sa hannun mai ita, kuma idan ta fita, dawo da ita sai da yardar wanda ya karɓa. Ko da ka sallama, haƙƙin a ambaci sunanka da haƙƙin hana a gurɓata aikin ta hanyar da za ta zubar maka da mutunci suna nan a hannunka.

Kariyar doka ba ta jiran rajista, amma rajista a ofishin haƙƙin mallaka da ke Akra tana zama hujja idan gardama ta tashi. Ka adana rubutun farko na hannu mai kwanan wata, ka sa sunanka da shekara a kowane kwafi. Idan aikin ya ƙunshi tatsuniyoyi ko waƙoƙin gargajiya na Gana kuma za a sayar da shi, sai an nemi izinin hukumar da ke kula da al'adun gargajiya ta ƙasa. Haƙƙin cin moriyar rubutu yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato yana shiga cikin gado, don haka ka nuna wa iyalinka inda ka ajiye takardar yarjejeniyar da shaidar rajistar.