Yadda za ka gane lambar yabon sojan Jamus ta gaske da ta jabu

Tun ranar da na fito da baƙin kuros ɗin nan, wato lambar yabon sojan Jamus, na akwatin kakanmu na nuna a majalisarmu ta Bauchi Road a Jos ban huta ba, wani ma har gida ya biyo ni da leda cike da ƙarafa wai Malam duba min ko akwai na kuɗi a ciki. Toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Da farko wani zai ce me ya kawo kayan sojan Jamus Jos? Ai ba nisa. Kamaru a hannun Jamus take daga 1884 har 1916, kuma a yaƙin duniya na ɗaya kakanninmu da ke cikin rundunar WAFF ta Turawan Ingila su aka tura Garwa da Banyo da dutsen Mora, Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma sai Fabrairun 1916 suka miƙa wuya, bayan nan aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka. Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lokoja sunansa ma ai a ɓangaren Jamus ya fara soja kafin ya koma na Ingila. Ga kuma Turawan haƙar kuza da suka zauna nan Jos da Bukuru suka tafi suka bar tarkace. Saboda haka ana samu, amma ba kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗa ba, yawancin abin da ke yawo yanzu ta intanet aka yo odarsa kuma jabu ne.

Kayan aikinka ba su da tsada. Maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, rula mai milimita, da ƴar fitilar nan shuɗiya da ake duba kuɗin jabu da ita. Shikenan.

Ka fara da kuros ɗin ƙarfe, wanda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz, don shi ne ya fi yawa kuma a kansa ake koyon ido. Sarkin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, Friedrich Wilhelm na uku ya ƙirƙiro shi a 1813 lokacin yaƙi da Napoleon, aka sake fito da shi a 1870, sai 1914, sai 1939 zamanin Hitler. Nan ne wurin da ake cin mutane, ka saurara da kyau. Duk kuros mai zobe, ko na wace shekara ne, za ka ga 1813 a bayansa, wannan shekarar kafa lambar ce kawai. Mai sayarwa sai ya juya maka bayan ya ce ka gani ya haura shekara ɗari biyu, kai kuma sai jikinka ya hau rawa. Juya gaban. In ka ga kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa, to na yaƙin duniya na ɗaya ne, kuma irinsa mai daraja ta biyu, wato mai zobe, sama da miliyan 5 aka raba, ba wani abu ne da babu irinsa ba. In W ne da 1870 wannan ya fi wuya sosai don haka jabunsa ya fi yawa. In alamar suwastika ce, wato tambarin jam'iyyar Hitler, a tsakiya da 1939 a ƙasa, na zamanin Nazi ne. Akwai kuma na 1957 da Jamus ta Yamma ta yarda tsofaffin sojoji su riƙa sawa, an cire suwastika an sa ganye a wurin amma 1939 na nan, shi ma ba jabu ba ne, sai dai ba na lokacin yaƙi ba ne.

Daraja ta biyu tana da zobe a sama da ake zura ƙyalle, daraja ta ɗaya ba zobe, bayanta a shafe yake da fil da ake maƙalawa a ƙirjin riga.

Yanzu ƙirar, wadda ita ce zuciyar maganar. Na gaske gida uku ne aka haɗa: baƙin ƙarfe a tsakiya, sai firam biyu farare gaba da baya da suka rungume shi aka like su. Ɗauki gilashinka ka duba gefen kuros ɗin, kaurinsa nake nufi, za ka ga wani siririn layi ya zagaye shi inda firam biyun suka haɗu. Jabu mai araha zubi ɗaya ake masa a shafa baƙin fenti a tsakiya, in ka duba inda baƙin ya haɗu da farin ba za ka ga rata ko kaɗan ba, fentin ma wani lokaci ya hau kan firam. Sai ka kawo maganaɗisu, ya kamata ya kama tsakiyar amma kada ya kama zoben. Wani in ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji tsakiyar na ɗan motsi a ciki, wannan ba aibu ba ne alama ce mai kyau. Amma fa kar ka rantse da maganaɗisu kaɗai, akwai na gaske ƙalilan da aka yi tsakiyarsu da tagulla ba sa kamawa, kuma masu jabun zamani sun iya yin gida uku da ƙarfe mai kamawa. Shi ya sa za ka koma kan ƙananan ɗigon nan da suka jeru a bakin firam kamar haƙoran zip, na gaske injin buga ƙarfe ne ya fitar da su tsaf tsaf a jere, na zubi kuwa a dakushe suke kamar sabulun da aka fara wanka da shi, da ƴan ramuka ƙanana. Auna faɗinsa, na 1914 wajen milimita 42 ne, na 1939 ya ɗan fi girma wajen 44.

Ni kaina a nan aka taɓa yi min. Wani bawan Allah ya kawo min na 1939 da labari mai daɗi wai kakansa ne ya cire daga wuyan wani hafsa, ni kuma labarin ya ɗauke min hankali na biya ban ko ɗauko gilashi ba, da na zo gida na ga ƙasan lambar 9 ɗin duk ya cushe da dalma. Daga baya ma na tuna ai mai daraja ta biyu ba a wuya ake rataya shi ba.

Duba zoben shi ma. A na 1914 sau da yawa akwai haruffan maƙera kamar KO ko S-W, wani kuma da 800 wato awon azurfar. A na 1939 lamba ce, misali 65 na kamfanin Klein & Quenzer ne, 4 na Steinhauer & Lück. Rashin lamba ba ya nufin jabu, da yawa na gaske ba su da ita, kuma samun lamba ba ya wanke kaya don buga lamba a zobe aikin minti ɗaya ne. Ƙyallen na 1914 baƙi ne da layi fari a gefe, na 1939 ja ne a tsakiya da fari da baƙi. Kashe wuta ka haska masa fitilar duba kuɗi, in farin ya yi wani ƙyalli shuɗi ɗau to zaren zamani ne. Sabon ƙyalle a tsohon kuros ba laifi ba ne in an faɗa maka, farashi dai zai sauka.

In kuɗinka kaɗan ne akwai kuros ɗin Hindenburg da aka fitar a 1934 don waɗanda suka yi yaƙin 1914 zuwa 1918, mai takubba biyu na waɗanda suka shiga fagen daga, marar takubba na sauran, baƙi kuma na iyaye da matan da suka rasa nasu. Yana da araha kuma ba a cika wahalar yin jabunsa ba. Wanda ni nake mafarkin samu shi ne mindar mulkin mallaka ta 1912 mai ɗan ƙarfe a ƙyalle da aka rubuta Kamerun, don ita ce ta shafi tarihinmu kai tsaye.

Maganar bindiga da harsashi kuwa, dan Allah ku ji ni. Sanin sunayensu ba laifi, Mauser Gewehr 98, da K98k ta 1935, da ƙaramar Luger P08, ka karanta ka kalli hotuna iya son ranka. Amma dokar makamai ta 1959 ba ruwanta da cewa ta kaka ce ko ta yi tsatsa, kuma kowa ya san halin da Filato ke ciki, a tsayar da kai a shinge da harsashi ko da kwanso ne a aljihu, bayanin tarihi ba zai fishe ka ba. Tsohon harsashi kuma bai mutu ba, albarushin ciki na iya tashi in ya ji zafi ko duka, yara da ƴan gwangwan suna bubbuga irin wannan don neman tagulla. In ka tono shi a gona ko tsohon gida kar ka taɓa, kar ka ɗauka, sanar da mai unguwa da ƴan sanda. Mai son ganin makamai ido da ido ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia.

Mai suwastika kuma ka ajiye a akwati a matsayin shaidar abin da ya faru, ba abin ratayawa a mota ba ne, mutanen nan miliyoyi suka hallaka, a Jamus ɗin kanta nuna alamar a fili laifi ne.

Ajiya: kar ka goge da Brasso ko toka ko lemun tsami, baƙin da azurfa ta yi da shi ake gane shekarunta, ka goge ka zubar da rabin kuɗin. Damina a Jos da laima, tsatsa na saurin kama tsakiyar, saboda haka ka sa a roba mai murfi tare da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa canza su. Ka rubuta a takarda daga hannun wa ka samu da kuma yaushe, in akwai tsoho a gidan da ya san labarin ka ɗauki muryarsa a waya tun yana nan, ka haɗa da hoton gaba da baya da na zoben.